Tabon da Ya Riga Damina Zuwa

A tsakiyar watan Mayu, sama ba ta ko yi yayyafi a Kano ba, wani tabo ya fito a silin koridon gidan yayana. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, launinsa ƙasa-ƙasa, gefensa ya fi tsakiyarsa duhu. Duk wanda ya zauna a gidan kwano ya san irin wannan tabo, ya kuma san lokacinsa: watan Agusta, bayan an kwana ana tsuga ruwa. Wannan kuwa ya zo ne ana tsakiyar bazara, kwano yana ƙuna har ba ya taɓuwa, mutane suna ta duban gabas ko hadari zai haɗu.

Gidan sabo ne, a watan Nuwamba aka tare. Gidan ƙasa ne, ba bene ba, an kuma yi masa rufin da ake yayi yanzu, wanda ake ɗaga katanga a kewaye ta ɓoye kwanon, daga titi ka rantse soro ne. Sanyin gidan ma ba irin wanda muka saba ba ne, na akwatin da ake maƙalawa a bangon kowane ɗaki. Na'ura ɗaya ce babba aka ɓoye a cikin silin, bututan iska suka fita daga jikinta suka rarrabu zuwa falo, ɗakin cin abinci, ɗakin maigidan, da ɗakin mahaifiyarmu Hajiya, wanda ke ƙetaren korido. Abin da ido ke gani a kowane ɗaki shi ne farin bakin iska a jikin silin, shi ke nan. Yaya yana alfahari da wannan tsari, kuma tsakani da Allah abin ya yi kyau.

Kafintan da ya buga rufin aka fara kira, domin tabon yana daidai ƙarƙashin magudanar ruwa. Rufin kashi biyu ne, na babban ɓangare da na ɓangaren Hajiya. Kowanne ya gangaro zuwa tsakiya, suka haɗu a wata doguwar magudana ta alminiyam da ta bi saman koridon. In dai rufi irin wannan zai yi yoyo, to nan ne wurin. Kafinta ya hau, ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya shafe gaɓoɓin da baƙin danƙo, ya sauko ya karɓi kuɗinsa. Da aka tambaye shi ina ruwan ya fito alhali ba a yi ruwa ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila raɓa ce. Ba wanda ya kula da maganar, har shi mai yin ta.

Bayan mako guda tabon ya ninka. Aka kira mai gyaran famfo, ya zagaya gidan ya dawo ya ce ba ruwansa. Tankin yana kan ƙarfe a bayan gida, bututansa ta ƙasa da cikin bango suka bi, babu ko ɗaya da ya hau silin.

Kafin tabon ma akwai wani ƙorafi da aka riga aka gaji da ji. Tun da zafi ya shigo a watan Maris, ɗakin Hajiya bai taɓa yin sanyi ba. A falo baƙi har roƙo suke a rage, ita kuwa tana zaune da mafici a hannu. Da yake Yaya ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, sai dai ta aika: "Ku gaya wa mai gidan nan, ni dai a dawo mini da fankata." Aka kawo wani matashin mai gyara, ya ɗaura agogonsa a jikin injin da ke waje, ya ce gas ya ragu, ya ƙara, aka biya shi. Ɗakin Hajiya yana nan yadda yake.

Wannan magana ta "gas ya ƙare" ta ci kuɗin mutane da yawa a ƙasar nan. Gas ɗin na'urar sanyi ba fetur ba ne da ake ƙonawa. Zagaye yake yi a rufaffen bututu, ya ɗauki zafi daga ciki ya kai waje, ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa, kuma aikin mai gyara shi ne ya nemo wurin. In kuwa bai ragu ba aka ƙara, an ɗora wa kwamfireso nauyin da bai nema ba.

Da damina ta kankama a watan Yuni sai matsala ta uku ta bayyana. Za a kunna na'urar bayan magariba, ta yi awa biyu ko uku lafiya lau, sai ta ɗauke ɗif. In an bar ta ta huta zuwa tsakar dare, ta tashi kamar ba ita ba. Kowa ya ce wuta ce ba ƙarfi. Yaya ya sayo sitabilaiza mai tsada. Maigadi ne ya faɗa, cikin ladabi, cewa ko a janareta ma haka take yi, amma maganar maigadi ba ta cika shiga kunnen masu gida ba. Tabon kuwa, tun da ruwa ya sauka, kowa ya koma kan kafinta, ana cewa ai ga shi nan, dama rufin ne.

Matsala uku ke nan, kowacce da mai gyaranta, kowacce da kuɗin da ta ci, ba wadda ta warke.

Wani abokin Yaya ne a masallaci ya haɗa shi da wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da manyan injinan sanyi na otal da na asibiti kafin ya ajiye aiki. Malam muke ce masa. Ya zo a watan Yuli da yaronsa da wata 'yar jaka, bai ko nemi tsani ba. Ya tsaya a ƙarƙashin tabon ya daɗe yana kallo, sannan ya fara tambaya.

"Alhaji, da hunturu kun kunna ta?"

"Jefi-jefi, da rana. Daga ƙarshen Fabrairu ne muka fara kwana da ita."

"Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuna kwana da ita, ba tabo?"

"Babu."

"Yanzu kuma yaushe ya fi jiƙa, da safe ko da yamma?"

Yaya bai sani ba. Uwargida ce ta amsa daga ƙofar kicin: da asuba in ta fito alwala takan ga wurin yana sheƙi, wani lokaci har da ɗigo a kan tayil, kafin azahar kuma ya bushe ƙayau.

Malam ya sa aka kawo kujera, ya hau, ya zagaye gefen tabon da fensir. Ya ce a kashe na'urar, kada a kunna ta sai an yi ruwa mai ƙarfi an kwana, sannan a duba zanen. In an duba, a jira daren da sama ta yi garau, a kwana da ita a kunne, a sake dubawa. Yaya ya ɗan yi tsaki a ransa, domin ya zaci mutumin zai kwance wani abu ne, ga shi ya bar shi da zanen fensir da kwanan zufa.

A daren Laraba aka yi ruwa har da ƙarfin iska, kwatocin unguwa suka cika. Da safe tabon yana cikin zanensa, busasshe. Ranar Asabar sama ta washe, aka kwana da na'urar a kunne, ta ɗauke sau ɗaya kamar yadda ta saba aka sake tashin ta. Da asuba danshi ya haura layin fensir da faɗin yatsa biyu. Kafinta ya fita daga zargi. Ruwan da ke ɓata silin ba daga sama yake zuwa ba, na'urar ce take haifar da shi.

Da Malam ya dawo, Yaya ya tare shi da tambayar da ta dame shi: in na'urar ce, me ya sa wata biyu cur ana kwana da ita ba ta zubar da komai ba, sai a Mayu? Malam ya ce a kawo masa ruwan sanyi a kofin gilashi. Ya ajiye shi a kan tebur bai sha ba. Kafin a gama gaisawa da Hajiya, bayan kofin ya jiƙe sharkaf, ruwa yana gangarowa. Ya ce, "Kofin nan ba ya yoyo, Alhaji. In da Janairu ne, haka zai zauna a bushe."

Iska tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani. In ta taɓa abin da sanyinsa ya kai wani mataki, sai ta sauke ruwan a jikinsa, kuma matakin yana hawa yana sauka gwargwadon laimar da ke cikinta. Da hunturu, in zafi ya kai digiri 30 laima kuma tana kashi 15 cikin ɗari, sai abu ya kusa daskarewa, wajen digiri 1, kafin ya yi gumi. Da damina kuwa, in zafi 32 ne laima kashi 60, duk abin da ya yi ƙasa da digiri 23 zai jiƙe. Iskar da ke bin bututan na'urar tana wajen digiri 13 ko 14. A watan Maris ba abin da zai same ta, a watan Yuli kuwa duk inda ta samu kafar taɓa iskar waje sai ruwa ya taru. Ita laimar ba ta jiran ruwan sama. Iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma takan iso Arewa makonni kafin ruwan farko, shi ya sa zafin Mayu yake da nauyi yana manne wa jiki, ba irin busasshen zafin Maris ba. Tabon tare da wannan iska ya iso. Dalilin jiƙewarsa da asuba kuma, da rana zafin kwano yana busar da komai a cikin rufin, sai dare ya raba wurin ya huce ruwan yake samun damar taruwa.

Mutane kan manta cewa tatsar ruwa daga iska shi ne aikin na'urar na asali. A 1902, lokacin da Willis Carrier ya tsara injin da ake ɗauka shi ne kakan waɗannan, a wata maɗaba'a da ke Brooklyn a birnin New York, ba don ma'aikata su ji daɗi aka nemi aikin ba. Laima ce take sa takarda ta kumbura ta motse, launuka su ƙi hawa kan juna daidai. Sanyin daga baya aka gane shi ma abin sayarwa ne.

To amma sanin cewa na'urar ce bai nuna wurin ba. Ruwa iri biyu take iya zubarwa. Akwai wanda take tatsa da gangan, ya taru a farantin da ke cikinta ya bi siririn bututu ya fita waje, akwai kuma gumin da bututun iska zai yi in rigar da aka naɗe shi da ita ta samu matsala. Malam ya tambayi inda akwatin yake, aka nuna masa saman ɗakin cin abinci, taku da yawa daga tabon. Ya ce in faranti ne ya cika ya tumbatsa, a can za a ga ɓarna, ba a korido ba.

Sai ya fito da ma'aunin zafi da takardar goge hannu. A bakin da na'urar ke zuƙar iskar gida ya samu digiri 26, a bakin falo 14. Tazarar digiri 12 ke nan, kuma injin da gas ɗinsa ya gaza ba ya ba da haka. Maganar gas ta mutu a nan. Ya ɗaga takardar a bakin iskar falo, ta riƙa kaɗawa tana neman ƙwacewa. Ya yi sallama ya shiga ɗakin Hajiya, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, za mu ɗan hau gadon nan." Ya ɗaga takardar a nan ma, da ƙyar ta motsa, kuma 'yar iskar da ke fitowa digiri 19 ce. Iska kaɗan ce, ta kuma daɗe a hanya har zafin rufi ya taɓa ta. Ya sauko ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya miƙa hannu ya nuna layin da bututun zai bi daga ɗakin cin abinci zuwa inda yake tsaye. Layin ya ratsa ta kan tabon daidai.

Hajiya, wadda ke bin su da ido tun da suka shigo, ta ce, "Dama ruwa ba ya tsami banza."

Hawa rufin sai da aka jira washegari bayan sallar asuba, domin da rana zafin ƙarƙashin kwano yakan haura digiri 55, ba wurin da za a tura ɗan mutum ba ne. Ƙofar shiga silin ɗaya ce a gidan, tana cikin sito, a gefen gaba. Malam ya leƙa da tocila, ya ja tef daga katakon silin zuwa katakon da aka buga kwano a kai: santimita 82. Yaya ya ce ai mai haɗa na'urar ma nan ya auna, ya ce fili har ya yi yawa, tunda akwatin santimita 30 ne kacal.

"A nan ya auna," in ji Malam. Bai ƙara komai ba. Ya miƙa wa yaronsa tocila da tef, ya ce ya rarrafa ya nufi magudana, duk mita ɗaya ya tsaya ya auna ya faɗa.

Muna ƙasa muna jin muryar yaron tana nisa. "Baba, saba'in." Can kuma, "Hamsin da takwas." Sai, "Arba'in da shida, ga injin nan a gabana." Da ya zagaye akwatin da ƙyar ya ce talatin da huɗu, daga nan ya ce kafaɗarsa ba ta wucewa, sai dai ya haska. Ya ce yana hango bututun ya shige wani matsatsi, ba ya ganin bayansa.

Malam ya rubuta lambobin a bayan kwalin magani. Duk mita ɗaya rufin yana sauka da santimita 12, wato gangarar wajen digiri 7. In aka ci gaba da lissafin, mita na gaba 22 ne, a ƙarƙashin magudana kuma 10. Ya juya ya tambayi Yaya izinin yanka POP ɗin silin. Wannan ita ce maganar da Yaya ya fi tsoro tun farko, amma ba yadda zai yi.

Aka yanka murabba'i a kan tabon, ruwa mai wari ya zubo a kan ledar da aka shimfiɗa. Abin da tocila ta haska ba ya bukatar dogon bayani. Bututun irin mai lanƙwasuwa ne, leda ce a kan zagayen waya, faɗin cikinsa santimita 25, an naɗe shi da audugar gilashi mai kaurin santimita biyu da rabi, sannan takardar alminiyam a waje. Duka-duka santimita 30 ke nan. An tura shi ta tsakanin kan bangon korido da katakon da ke tallafe da magudana, inda tef ya nuna santimita 10 cif. Wanda ya yi aikin da ƙarfin tsiya ya ja shi, har wata ƙusa ta tsaga takardar alminiyam ɗin tsawon taƙi guda. Audugar ta matse ta zama kamar ba ita, ta kuma sha ruwa ta ƙoshi.

A rigar bututu, ba audugar ce ke tare zafi ba, iskar da ke maƙale a tsakanin zaruruwanta ce. In an matse ta iskar ta fita, in ta jiƙe kuma ta zama hanyar da sanyi ke bi ya fito. Takardar alminiyam ɗin ita ke hana laima shiga, kuma ga ta a yage. Kafinta da ya ce raɓa ce bai yi ƙarya ba, sai dai a ƙarƙashin kwanonsa take sauka, ba a kansa ba.

Wannan matsatsin ne kuma ya hana Hajiya barci. Bututu mai faɗin santimita 25 yana da ƙofa ta kusan santimita murabba'i 490. In aka latse shi har tsayin cikinsa ya koma 8, ƙofar takan ragu zuwa wajen 265, kusan rabi, ban da wayoyin da suka karye suka tsaya a hanya. Kafin iska ɗaya ta wuce ta rabin ƙofa sai ta ninka gudu, kuma ninka gudu yana bukatar turi ninki huɗu. Fanka ba ta da wannan ƙarfin, kuma ba ta da dalilin wahalar da kanta tunda ga wasu hanyoyi uku a buɗe. Sai rabon Hajiya ya koma falo. Sanyin da baƙi ke roƙon a rage nata ne.

Saura ɗaukewar dare. Yaya ya ce wannan kam wuta ce, ba ta shafi rufi ba. Malam ya ce a yanka wuri na biyu, a ƙarƙashin akwatin, ta gefen da bututun ruwa ya fita. Har lokacin akwai ruwa kwance a farantin, ko da yake an kwana ba a kunna ba. A gefensa akwai wani ɗan makunni mai yawo a kan ruwa, wanda in ruwa ya ɗago shi sai ya yanke wutar na'urar. Shi ne ke kashe ta duk dare, kuma shi ya hana silin ɗakin cin abinci ruftowa a kan mutane. Malam ya ce wanda ya sa shi ya cancanci addu'a, ko da sauran aikinsa ya sa a yi masa faɗa.

Na'ura mai wannan girma, wajen kilowat 14, tana iya tatsar lita uku zuwa biyar a awa ɗaya in iska ta yi laima. Wannan irin ba ta da famfon tura ruwa, da kansa yake gangarawa, kuma littattafan kamfanonin da ke ƙera su sukan ce bututun ya sauka aƙalla santimita ɗaya a duk mita ɗaya. Na gidan Yaya mita 9 ne, domin ya ce ba ya son ganin bututu a fuskar gida, aka kai shi banɗakin baya. Santimita 9 ke nan na gangara. Ban da wannan, a bakin fitarsa ana yi masa lanƙwasa mai siffar U wadda ruwa ke zama a ciki ya toshe hanya, don kada fanka ta riƙa zuƙo iska ta bututun tana hana ruwan fita. Ita ma tana cin wajen santimita 10. Kafin a samu waɗannan sai an rataye akwatin ya ɗaga sama da katakon silin da kusan santimita 20. A inda yake, filin 40 ne, shi kuma 30. Sai aka ɗora shi a kan katako kawai, aka shimfiɗa bututun a kwance ba lanƙwasa ba gangara. Malam ya aza lebur a kai, kumfar ta tsaya a tsakiya, a wani wurin ma ta nuna hawa. Tsakanin katako da katako bututun ya yi ciki saboda zafi, ƙurar hunturu da ruwan farko ya wanko ta kwanta a cikin ta zama laka. Ruwa yana fita, amma a hankali ƙwarai. Awa biyu ko uku faranti ya cika, makunni ya yanke, zuwa tsakar dare ya tsiyaye na'urar ta tashi. Da rani, da babu ruwan da za a tatsa, ba wanda zai taɓa sani.

Aka kira wanda ya haɗa na'urar. Ya zo a ɗarare, amma da maganarsa. Ya ce lokacin da aka kawo shi an gama rufi, an gama POP na falo da adonsa, an kuma gaya masa ba za a taɓa shi ba. Wurin da ke da tsayi yana saman falon ne, shi kuwa ta ɗakin cin abinci kawai ya samu shiga da akwatin, don nan ne ba a rufe ba tukuna. Yaya bai musa ba. A zanen gidan na farko kowane ɗaki da tasa ƙaramar na'urar ta bango. Umara ya je, ya kwana a wani otal a Madina, ya ga sanyi yana sauka daga silin ba tare da an ga komai ba, ya dawo ya canza shawara bayan kwano ya hau. Abin da bai gani ba a otal ɗin shi ne ratar da aka bari tun a zane tsakanin dakalin kankare da silin, wadda aka yi ta domin wannan aiki. Laifin mai haɗawa, a ganina, ba na rashin iya aiki ba ne. Ya ga wurin bai isa ba, ya ji tsoron in ya faɗa aikin zai koma hannun wani, sai ya yi shiru ya tura.

Na tambayi Malam, to fili nawa ne ya isa? Ya ce duk wanda ya ba ni lamba ɗaya bai ga gidan ba. Su akwatunan akwai sirara masu santimita 20 zuwa 25, akwai manya masu 30 zuwa 40 har da ɗoriya, kuma tsayin akwati shi ne mafi sauƙi a lissafin. A kansa za a ɗora gangarar bututun ruwa da lanƙwasarsa. Sannan a bi hanyar kowane bututun iska daga farko har ƙarshe, da rigarsa a jikinsa, a nemo inda ya fi matsewa, domin wannan wurin ne ke yanke hukunci, ba ƙofar sito ba. In zai yi kwana kuma yana son fili, don ba a lanƙwasa shi fiye da faɗin kansa. Na ƙarshe shi ne mutum. Dole wani ya iya isa wurin ya ciro matatar ƙura ya wanke, ya buɗe akwatin wuta, ya zare fanka in ta lalace. Matatar gidan Yaya ba a taɓa wanke ta ba tun da aka tare, don ba hannun da ke kai wa. A dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, hanyar da za a bi a isa ga na'urar da ke cikin rufi sai ta kai inci 30 a tsayi da inci 22 a faɗi, wato wajen santimita 76 da 56, a kuma bar dandamalin aiki a gabanta. A awon Malam, in wurin akwati bai kai santimita 60 ba, ko hanyar bututu ta gaza 35, ba ya karɓar aikin sai an yarda a sauke silin.

Rufin da muka saba da shi, mai tsini a tsakiya, ba ya kawo wannan rigima sosai. In gangararsa digiri 25 ce, duk mita ɗaya yana hawa da santimita 47, mita huɗu daga bango mutum yana iya tsayawa. Ɓoyayyen rufi kuwa dole ya kwanta, in ba haka ba ya leƙo ta saman katanga asirinsa ya tonu. Ba na ganin laifin yayin. Ya fi dacewa da idonmu, mu da muka tashi muna ganin soraye da indararo. Amma wanda ya zaɓe shi ya kuma so ɓoyayyen sanyi, abu biyu yake nema su ɓuya a wuri ɗaya, kuma sai ya ƙara layin bulo biyu ko uku tun ana gini kafin wurin ya ɗauke su.

Ɗaga rufin gidan da mutane ke ciki, ana tsakiyar damina, ba magana ba ce. Sai aka bi ta ƙasa. Aka sauke silin korido da gefen ɗakin cin abinci da santimita 30, daga mita 3.3 ya koma mita 3. Aka cire latsattsen bututun, aka ƙera na farantin ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗi 40 tsayi 15, wanda ke ɗaukar iska daidai da zagayayye mai 25, aka sa masa riga, aka huda bango a ƙasa da katakon rufi ya wuce ta nan. Bututun ruwa ya samu lanƙwasarsa a cikin sabon filin, ya gangara har banɗaki, aka ɗaure shi a kan ƙarfe don kada ya sake yin ciki. A ƙarƙashin akwatin aka buɗe ƙofa mai santimita 60 kowane gefe. Gas ɗin da aka ƙara ba bisa ƙa'ida ba Malam ya kwashe duka, ya sake zubawa a kan sikeli daidai nauyin da ke rubuce a jikin injin. Da aka tashi na'urar, ma'auni ya nuna digiri 15 a ɗakin Hajiya, kuma bututun banɗaki ya cika bokitin fenti kafin a yi sallar isha'i.

Fitilar ado mai lilo da Yaya ya sayo don koridon ba ta sake samun wuri ba, domin yanzu dogon mutum zai iya buga kai da ita. Tana cikin kwalinta a sito, tare da sitabilaiza. Kuɗin sabon POP kuma an daɗe ana ja-in-ja a kansa, daga ƙarshe mai haɗa na'urar ya ɗauki ladan ma'aikata, Yaya ya sayi kayan aiki.